Kuɗin Gadin Rangwame

Shekara tara ke nan ina zaune a Bolton, wani gari a arewacin Ingila inda rana ke fitowa kamar an yi mata dole. In aka tambaye ni abin da na tara a wannan zama, ba zan ce gida ba, ba zan ce fili ba. Shekaru na tara a takardar inshorar mota, kuma na yi musu kiwon da ban taɓa yi wa tunkiya ba a Talata Mafara. Sunana Lawali. A da malamin aikin gona ne ni a wata sakandare ta garinmu. Karatu ne ya kawo ni nan, neman abinci ya zaunar da ni.

Da na gama karatun, aikin da na samu shi ne kula da tsofaffi gida-gida: in taimaka musu su yi wanka, in ba su magani, in dafa shayi, in saurari labarin jikokin da ba sa zuwa. Gida takwas ko tara a yini, kowanne a wata unguwa, don haka ba mota ba aiki. Na sayi wata 'yar ƙaramar ja a hannun wani mutum da ya rantse mini wata tsohuwa ce kaɗai ta taɓa tuƙa ta, ita ma ranar Lahadi. Da na kai wa makanike ya leƙa ƙarƙashinta, sai ya ce in haka ne tsohuwar ba ta san akwai birki ba.

Sai maganar inshora. A wurinmu inshora takarda ce. Kana zuwa sabunta takardun mota a haɗa maka da ita, ka ninke ka jefa a aljihun gaba, ba ka sake tunawa da ita sai an tsayar da kai a hanyar Gusau. Ban taɓa jin wanda aka bugar wa mota ya nufi wani ofis neman diyya ba. In an yi karo, a fito a yi hayaniya, dattawa su taru su ce a yi haƙuri, wanda ya fi ƙarfi ya sallami mai bugun ƙarfe, a watse. Da wannan ilimin na shiga shagon aski, inda aka haɗa ni da wani da ake kira Ciyaman, mai agogon zinariya da waya uku. Ya ce shi dillalin inshora ne, kuma don ya ga ni ɗan'uwa ne zai yi mini a kan sulusin abin da kamfanoni ke nema. Na biya, ya turo mini takarda mai hatimi har biyu, na yi masa addu'a.

Sati uku takardar ta yi. Wata 'yar sanda ta tsayar da ni da safe, ta gaishe ni da ladabin da ya sa na ɗauka kwatance za ta tambaya. Na miƙa mata takardar Ciyaman ina murmushi. Ko karantawa ba ta yi sosai ba, ta ce na'urarsu ba ta san motata ba. Aka zo da babbar mota aka ɗauke tawa a gabana, aka ci ni tara, aka ɗiga wa lasisina maki shida na laifi. Duk wayoyin Ciyaman uku a kashe. Na taka da ƙafa cikin ruwan sama zuwa gidan tsohuwar da ke jirana, na isa ina ɗiga kamar wanki. Ba ta tambaye ni dalilin makara ba. Ta sa ni na buɗe kabad na ɗauko rigar sanyin mijinta marigayi, ta ce in ban sa ba ba za ta sha maganinta ba. A bakin ƙofarta na yi hawayen farko tun barina gida, kuma har yau rigar tana nan ina sawa.

Zango na biyu ya fara ne a masallacin Juma'a, wajen ajiye takalma. Ina neman warin takalmina sai na ji wani a bayana yana faɗa wa waya, "Wanga yaro ba shi jin magana, ku hana mai mashin ɗin." Na juyo da sauri har na take ƙafar wani Bapakistane. Nasiru ne, mutumin Faru ta ƙasar Maradun, direban bas, ya riga ni zuwa da shekara shida. Muka gaisa gaisuwar da ta tare hanya, ya tambayi mutanen Mafara ɗaya-ɗaya kamar ya san su, sannan ya kai ni gidansa matarsa ta ba ni tuwon shinkafa da miyar kuka. Sai da na ƙoshi na ba shi labarin Ciyaman.

"Kai ɗan Mahwara," in ji shi, "mi kaɗ ɗauki wurin ga? Nan ba a nuna takarda a wuce. Zauna in yi maka karatu."

Shi ya taimake ni na sayi inshora ta gaskiya bayan na fanso motar. Kuɗin shekara ya fi kuɗin motar kanta, har na tambaye shi ko in na biya za su ba ni wata motar ne. Ya ce a'a, amma akwai abin da ake kira rangwamen rashin neman diyya.

"Dut shekarad da ka ƙare ba ka sa sun biya kowa ko sisi ba, sai su rage maka kuɗɗi. Shekara guda, ragi kaɗan. In ka kai biyar, ragi mai kauri, har ka ji ka zama mutum. Amma rad da kab bugi wani, laihi naka, sai su zabtare maka shekarun ka koma baya."

Daga ranar na zama wani mutum daban. Ni da na koyi tuƙi tsakanin 'yan kabu-kabu da amalanken shanu a bakin kasuwar Talata, na koma ina jan mota kamar na ɗauko ƙwai a faranti. In na je kanti, can ƙarshen fili nake ajiye ta inda ba kowa, in taka da ƙafa. Masu keke suna wuce ni suna waiwaye. Wata rana wani ya goge mini ƙofa ya gudu. Maimakon in kira kamfani, sai na shiga shagon kayan kwalliya da hoton motar a waya, na tsaya gaban jan farce ina gwada launi, 'yar shagon tana kallona da tausayi. Na shafe wurin tas, in ba a rana ka duba ba ba za ka gane ba, kuma na riga na faɗa muku yadda rana take a Bolton.

Duk ƙarshen shekara wasiƙa takan zo da lamba: ɗaya, biyu, uku. Nakan karanta ta sau da yawa kamar sakamakon jarrabawa. A shekara ta huɗu na je gida na auri Hadiza, malamar firamare a Morai, mace mai fara'a da harshe kamar sabuwar aska. Wata guda muka yi tare na dawo, ta zauna wurin mahaifiyata. Tun daga nan zamana ya zama na abu ɗaya: in tara abin da hukuma ke nema da kuɗin jirgi in ɗauko ta. Duk abin da rangwamen nan ya rage mini, can yake tafiya. Kewar gida da nake ji a da ta tuwo ce da hirar bakin masallaci, yanzu ta zama ta mutum ɗaya, kuma ta fi ciwo.

Da lambar ta kai biyar, wasiƙar ta zo da ƙarin bayani. Wai tunda na tara shekaru masu daraja, in ina so in ƙara fam arba'in da 'yan kai a shekara su tsare mini su. Ko na yi hatsari da laifina, ba za a taɓa shekarun ba. Na karanta, na ajiye, na sake ɗauka. Nasiru ya ce in biya ba tare da dogon tunani ba, don shi da kansa ya taɓa asarar shekarunsa a kan wani turken ƙarfe da ya rantse ba ya wurin jiya. Hadiza ta ce in yi duk abin da zai kawo ta da wuri. Ni kuwa ba na yanke babbar magana sai na ji ta bakin Kawu Bala, ƙanen mahaifiyata da ke noman shinkafa a Bakura.

Muka gaisa. Ya tambayi sanyi, ya tambayi baƙunta, ya tambayi aiki da masu aiki, na tambayi fadama da ruwa da tsuntsu. Sannan na karanta masa maganar.

"Tsaya in gane," in ji Kawu. "Kana biyansu kuɗɗi don in ka yi hatsari su biya."

"Awo, Kawu."

"Ba ka yi ba, sunka rage maka."

"Haka ne."

"Yanzu kuma suna son ka biya don kar a ƙwace ragin."

"Shi ke nan, ka gane."

"To wa za shi ƙwace shi?"

Na ce su ne.

Kawu ya yi gyaran murya. Sannan ya ce, "Lawali, mu nan masu wagga sana'a daji suke kwana. Naku har da ofis da wasiƙa?"

Na yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, don na san abin da manoma suka gani a yankinmu. Da muka natsu ya ce shi dai bai taɓa biyan mai gadi ya tsare masa mai gadi ba, amma tunda motar ce gonata, in yi abin da zai sa in yi barci. Na biya.

Shekara ta zagayo ban bugi kowa ba, ba wanda ya buge ni. Maimakon in gode wa Allah, sai na kama kaina ina jin haushin lafiya, ina cewa ga fam arba'in sun tafi a banza. Na yi istigfari, na sake biya ina ƙunƙuni. Da wannan shekarar ta kusa ƙarewa, saura wata biyar in cika abin ɗauko Hadiza. Har ta fara raba tukwanenta ga ƙannenta.

Ranar wata Asabar da hantsi na je kanti, kuma don ina sauri na ajiye mota kusa da ƙofa, abin da ban taɓa yi ba. Da na fito na yi baya kaɗan, sai na hango wata mota ruwan toka ita ma tana yo baya daga ɗaya layin. Na taka birki na tsaya cak. Ita ba ta tsaya ba. Na kai hannu zan danna hon, amma shekara bakwai rabona da shi, sai na kunna abin share gilashi. Ina kallo a madubi ta zo a hankali, cikin natsuwa, ta daki bayan motata.

Na fito da zafina, na shirya Turancin da zan yi. Sai ƙofar ɗaya motar ta buɗe, sanda ta fara fitowa, sannan wani dattijo fari fat da furfura, da laktaye a wuya ranar Asabar. Ya girmi Kawu Bala nesa ba kusa ba. Mutane sun fara tsayawa da kekunan sayayyarsu suna kallo.

To a nan sai na yi muku bayani, ko da yake ku kun sani. A inda na tashi, yaro ba ya barin mai furfura ya tsaya a gaban jama'a yana ba shi haƙuri. Ko tsoho ne ya taka ka da keke a kasuwa, kai za ka riga shi ka ce, "Laihina ne, Baba, ban duba ba." Shi kuma ya ce, "A'a ɗana, ni ne, ido ya tahi." Sai na gefe su ce Allah ya kiyaye gaba. Kowa ya san mai laifin, ba a dai bar shi ya ji kunya ba, kuma in akwai gyara shi zai aiko da kuɗin da yamma. Abu ne mai ɓangare biyu kamar sallama, kai ka faɗi naka, shi ya faɗi nasa.

Ban yi shawara da kaina ba. Jikina ne ya rusuna, hannuna ya tafi ƙirji, bakina ya ce da Turanci mai kyau kuma da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Laifina ne gaba ɗaya, Baba. Ka yafe mini."

Na tsaya ina jiran nasa.

Dattijon ya dube ni, ya dubi jama'a, ya sauke numfashi. Sannan ya ce, "Na gode da ka faɗi gaskiya, saurayi. Ba a cika samun irinku ba yanzu." Ya sa hannu a aljihu ya ciro biro.

Na ci gaba da jira, don na ɗauka nasu ɓangaren yana zuwa ne a makare. Ya rubuta sunansa, Mista Harold, da lambar waya da adireshi a bayan rasit. A wani rasit ɗin ya rubuta lambar motata da cewa na amsa laifi, ya miƙo mini biron. Ta yaya zan bar hannun dattijo a miƙe a gaban mutane? Na sa hannu. Wata mata mai jan gashi ta matso ta ce ta ji komai, kuma abin ya burge ta, ga lambarta in ana neman shaida.

A mota na kira kamfanin inshorata na faɗa musu gaskiyar abin da ya faru, cewa a tsaye nake aka buge ni. Matar da ta ɗauka ta tambaya ko akwai kyamara a wurin. Babu. Ta tambaya ko na ce wani abu a wurin. Na ce na yi ladabi. Ta ce wane iri? Da na faɗa mata, sai na ji ta daina buga na'ura. Na yi mata bayanin al'adarmu tun daga kasuwar Talata har zuwa keken tsoho. Ta saurara har ƙarshe, ta ce abin sha'awa ne ƙwarai, amma fom ɗinsu ba shi da gurbin ladabi. Ta kuma gargaɗe ni kada in sake magana da ɗaya direban.

Da na kai wa Nasiru labari, ya yi dariya har ya zame daga kujera. "Kai ɗai nis sani da anka buge shi yas sa hannu ya yi godiya," in ji shi. Matarsa ta fito daga kicin ta ce ya ji tsoron Allah, sannan ita ma ta koma ciki na ji tana yi.

Ni kuwa ban damu sosai ba. Na ce ai ga ranar fam arba'in ta zo. Har na kira Kawu na ce masa mai gadin mai gadi ya yi aiki. Na biya kason da ke kaina na gyara, wanda ya ɗan taɓa ajiyar Hadiza, na ce ba komai, wata guda ne zai ƙaru.

Bayan wata biyu wasiƙar sabuntawa ta zo. Shekaruna shida suna nan cif, ba a taɓa ko ɗaya ba. Kuɗin kuma ya tashi, tashin da ya sa na cire tabarau na goge. Na kira su a fusace. Wani saurayi mai sanyin murya ya ce, "Rangwamenka yana nan, ranka ya daɗe, mun tsare shi kamar yadda muka yi alkawari. Farashin da ake yi wa rangwamen ne ya ƙaru, saboda yanzu kai direba ne da ya yi hatsari."

Sai na tuna masu albasa a kasuwarmu. In sun ga baƙo da takalmi mai sheƙi sukan ninka kuɗin buhu, sannan su ce don Allah da mutunci an rage maka. Ragin gaskiya ne, ba wanda ya yi ƙarya. Na tambayi saurayin nawa zan biya da ban sayi tsaron ba. Ya lissafa ya faɗa, na ga da haka ne da sai dai in ajiye motar in ajiye aikin. Wato tsaron ya hana ni faɗuwa ƙasa warwas, amma bai hana ni gurɗewa ba. Zuwan Hadiza ya koma baɗi.

Na fi awa ina zagaye ɗaki kafin in kira ta. Ta saurara ba ta katse ni ba, abin da ya fi ba ni tsoro. Sannan ta ce, "Malam, bari in maimaita ko ban ji daidai ba. Kana tsaye, tsoho yab buge ka, kac ce kai ne."

"Hadiza, da kin ga hurhurarshi..."

"Ni hurhura za ni yi nan ina jiranka. Na raba tukwanena, Malam. Da mi za ni dahuwa, da ladabinka?"

Daga nan muryarta ta karye, ta miƙa wa Inna, mahaifiyata, wayar. Wannan kukan ya fi tarar 'yan sanda da Ciyaman da komai zafi a wurina. Inna ba ta yi maganar kuɗi ba. Abin da ta tambaya shi ne ko na je na duba tsohon. Na ce kamfani ya hana. Ta ce, "Kamhwani ya haihe ka? An yi karo da dattijo wata biyu ba ka je kag ga kwanan shi ba?"

Na sayi lemo da dabino na bi adireshin da ke bayan rasit. Mista Harold ya buɗe ƙofa, da ya gane ni sai fuskarsa ta sauya, ya ɗauka rigima na kawo. Na ce jaje na zo. Ya rasa yadda zai yi da ni, don haka ya yi abin da Bature ke yi in ya rasa, ya dafa shayi. Gidan tsaf, shiru, hoton wata mata a kowane bango. Ya ce matarsa ce, shekara hamsin da shida suna tare, yanzu tana gidan kula da masu ciwon mantuwa a bayan gari. Kullum da rana yakan tuƙa ya je ya ba ta abinci a baki, don ba ta karɓa a hannun kowa. Bas ba ya zuwa wurin. 'Yarsu da ke Landan ta riga ta ce in ya sake ko gogar bango ne, za ta karɓe makullin.

Ya tambaye ni ko ina da iyali. Na nuna masa hoton Hadiza, na ce da bana za ta zo, amma sai baɗi in Allah ya kai mu. Ya ce me ya sa? Na ce inshora ta tashi. Don kada maganar ta yi nauyi, sai na ba shi labarin al'adarmu a matsayin abin dariya, har ina kwaikwayon rusunawar da na yi. Ya yi dariya da farko. Sannan ya ajiye kofi ya ce, "To ni me ya kamata in ce a lokacin?"

Na ce, "Cewa za ka yi, a'a ɗana, ni ne."

Ban roƙe shi komai ba, wallahi ban ma iya ba, don na riga na ga hotunan bangon. Na yi masa sallama na fito. A hanya na yi ta yi wa kaina faɗa, na ce Lawali, an buge ka, an ci kuɗinka, ka kuma kai dabino.

Sati shida bayan nan kamfanina ya rubuto. Ɗaya direban ya kira nasa kamfanin ya ce shi ne da laifi, a tsaye nake. An goge hatsarin daga kaina, an mayar da farashin inda ya kamata, za a dawo mini da abin da na biya na gyara. Na karanta a tsaye, na zauna na sake karantawa, sannan na ɗauki makulli na nufi gidansa. Filin gaban gidan wayam, sai tabon mai a inda motar ke kwana.

"'Yata ta zo ta ɗauke ta ranar Lahadi," in ji shi. "Tana da gaskiya, ban ga motarka ba sam. Ka faɗi naka tun a wurin. Nawa ne ya makara."

Na tambaye shi yadda yake zuwa wurin matarsa. Ya ce tasi sau biyu a mako, abin da fanshonsa zai ɗauka ke nan. Na je wurin shugabar aikinmu na roƙa aka gyara mini jerin gidajena, hutun rana ya faɗo daidai. Tun daga lokacin ni nake kai shi sauran ranakun, kuma bai taɓa shiga motar bai ce ina tafiya a hankali da yawa ba.

Masu tambayata ko kuɗin tsaron nan ya cancanta, ga abin da nake ce musu. In shekarunka sun taru kuma motar ce abincinka, ka biya, amma ka san ragin suke gadi, ba farashin ba. Kafin ka biya ka sa su faɗa maka kuɗin da tsaro da kuma ba tsaro, ka auna da kanka. In kuwa shekarunka biyu ne ko motar ta zuwa cefane ce, riƙe kuɗinka. Ni har yau ina biya, ina ƙunƙuni, Kawu Bala kuma duk sallah sai ya ce in gaishe da mutanen daji masu ofis.

Hadiza ta sauka a Manchester wata uku bayan lokacin da muka sa da farko. Mista Harold ya ce sai ya bi ni tarbarta, ya sa laktayensa mafi kyau. Ta fito tana tura akwatuna uku da ƙullin daddawar da ban san yadda ta wuce da shi ba. Muka tsaya muna kallon juna kamar an aiko mu. Sai dattijon ya matso da sandarsa, ya cire hula, ya ɗora hannu a ƙirji yadda ya ga na yi, ya ce, "'Yata, ni na sa kika jira. Laifina ne gaba ɗaya."

Hadiza ta rusuna har ƙasa a tsakiyar filin jirgi, ta ce da Turancinta na malaman makaranta, "A'a Baba, ba kai ba ne. Laifin mijina ne."

Mista Harold ya juyo gare ni yana murna, ya ce ashe haka abin yake da daɗi in kowa ya faɗi nasa. Na ce masa haka ne. Ban gaya masa cewa ita ba al'ada take bi ba, da gaske take.